Shinkafa, kifi da agwagwa a fangali ɗaya: yadda ake yi a garuruwan Dong masu ma'adinai

'Yan ƙabilar Dong suna zaune ne a tsaunukan da Guizhou da Hunan da Guangxi suka haɗa iyaka, a kudancin ƙasar Sin, kuma ƙidayar 2020 ta nuna sun kusa miliyan uku da rabi. Shimfiɗaɗɗen fili ya yi musu ƙaranci, saboda haka a jikin tudu suke yanka gonakin shinkafarsu hawa-hawa, ruwa na gangarowa daga fangalin sama zuwa na ƙasa. A fangali guda manomi yake fitar da shinkafa da kifi da agwagwa a shekara ɗaya. A 2011 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan tsari na gundumar Congjiang cikin kayan gadon noma na duniya.

Amma ƙasar tasu ba ta noma kaɗai ba ce. A gundumar Tianzhu ta Guizhou da Xinhuang ta Hunan ana haƙar barayit, dutsen nan mai nauyi da ake niƙawa don aikin rijiyar mai, irin wanda ake haƙa a Azara ta jihar Nasarawa. A Wanshan ta Guizhou, inda akwai garuruwan Dong da dama, an shafe ɗaruruwan shekaru ana haƙar zaiba kafin a rufe babbar mahaƙar gwamnati a farkon shekarun 2000, kuma tsibin ƙonannen dutsen da aka bari bai tashi tare da ma'aikata ba. A irin wannan gari, aikin shinkafa da kifi ba daga garma yake farawa ba. Daga ruwa yake farawa.

Bi ruwan da ƙafa

Ka bi rafin da zai shayar da gonar har inda ya ɓuɓɓugo, kuma ka yi haka sau biyu: lokacin da ruwa ya ja, da kuma washegarin ruwan sama mai ƙarfi. Abin da kake nema shi ne ramin haƙa, sabo ko tsoho, da tsibin tarkacen dutse, da wurin wanke dutse, da duk wata kwata da ke zubowa cikin rafin. Tsohon ramin da ciyawa ta rufe bakinsa ya fi sabo yaudara, don babu mai gadinsa kuma bai daina tsiyaya ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Dutsen da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa sau da yawa yana ɗauke da ƙarfe haɗe da farar wuta. Idan iska da ruwa suka taɓa shi sai ya saki tsami, tsamin kuma ya narkar da sauran ƙarafan da ke cikin dutsen ya taho da su. Alamar ita ce jan tsatsa a kan duwatsun rafi, da rashin dodon koɗi da talibambam a wurin da ya kamata su cika. Takardar gwajin tsami ba ta da tsada. Kifin karf, wanda shi ne kifin wannan tsari, yana son awon tsami, wato pH, tsakanin 6.5 da 8.5. In takardar ta nuna ƙasa da 5, kada ka zuba ko ɗan kifi ɗaya.

Barayit kansa ba ya narkewa a ruwa, don haka matsalarsa ta farko laka ce. Ruwan wankinsa yana zuwa fari-fari, ya toshe hanyar numfashin kifi, ya shafe bakin fangali da wani ɓawo mai tauri. Maganin wannan shi ne kududdufin tacewa a gaban mashigar ruwa: rami mai zurfin mita ɗaya, mashiga a wannan ƙarshe mafita a wancan, domin ruwa ya lafa laka ta kwanta. A riƙa kwashe lakar ana kai ta nesa da gona. Kada a ɗora ta a kan kunya, kada kuma a yi ciko da tarkacen mahaƙa ko da kyauta aka kawo shi, don ruwan sama na farko zai wanke shi ya mayar cikin fangali.

Sai dai kududdufi laka kawai yake tarewa. Abin da ya riga ya narke zai wuce abinsa. Zaiba da kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, in sun narke ba su da launi ba su da wari, ruwa garai-garai yana iya ɗauke da su. Wannan sai ɗakin gwaji. Ka ɗebi ƙasa daga wuri biyar a fangali, kusurwa huɗu da tsakiya, daga sama zuwa zurfin santimita 20, ka cuɗanya ka ɗauki kilo ɗaya. Ta bakin mashigar ruwa ka ɗebe ta daban a leda daban, domin a nan ƙarfe ya fi taruwa, kuma in ka gauraya ta da sauran za ta ɓoye. Ka haɗa da shinkafar bara daga wannan gona, da kifi in akwai. Ƙa'idar abinci ta ƙasar Sin ta tsayar da zaiba a hatsi a miligiram 0.02 cikin kilo, kadmiyom a shinkafa kuma miligiram 0.2.

Ga inda lissafin yake da sarƙaƙiya, kuma nan ne masu ba da shawara da yawa suke kuskure. Fangalin da ruwa ya kwanta a kansa wata da watanni ba iska a lakarsa. A irin wannan laka kadmiyom yana ɗaurewa, shinkafa ba ta shansa sosai. In aka zubar da ruwan ƙasa ta sha iska, sai ya kwance ya hau ƙwaya. Zaiba kuwa akasin haka take. A lakar da ba iska ne wasu ƙwayoyin halitta suke juya ta zuwa nau'in da ya fi guba, wanda yake shiga ƙwayar shinkafa da tsokar kifi ya kuma taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Binciken da aka yi a Wanshan ya nuna cewa shinkafa ce, ba kifi ba, babbar hanyar da wannan guba take shiga jikin mutanen yankin. Asenik, wata gubar da ke cikin dutse, shi ma a ruwa kwance ya fi shiga shinkafa. To, tsarin kifi da agwagwa tsari ne na ruwa kwance. Inda kadmiyom ne ya ɗan ɗara, ruwan yana taimakawa, farar ƙasa ta noma ma tana ƙara ɗaure shi. Inda zaiba ce ta yi yawa, babu dabara: a busar da gonar a koma masara ko wani amfanin tudu, a kai shinkafa da kifi fangalin da yake sama da mahaƙa.

Abu ɗaya na gida. Mai aikin mahaƙa ya bar kayan aikinsa da takalminsa a can, kuma ba a niƙa ko shanya dutse a tsakar gida ko a inda ake shanya shinkafa. Mai karatu na Arewa bai manta Zamfara a 2010 ba, inda niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ya watsa dalma ya kashe yara sama da 400.

Gyaran fangali

A ƙasar Sin ana auna gona da wani ma'auni da ake kira mu, wato murabba'in mita 667. Mu 15 ke yin hekta ɗaya, kuma adadin da ke ƙasa duk na mu ɗaya ne.

Kunyar fangalin shinkafa zalla ba ta isa ba. Ta kifi tana buƙatar tsayin santimita 40 zuwa 50, faɗin samanta kamar 30 zuwa 40, a daddaɓe ta a shafe cikinta da laka. Karf kifi ne mai tona ƙasa da baki, ƙaguwa da ɓera ma suna huda kunya, saboda haka sabon shafe kowace shekara ba ado ba ne. A garin da ake haƙa a ƙarƙashin ƙasa akwai ƙarin abin lura: mahaƙa tana zuƙe ruwan ƙasa da famfo, maɓuɓɓuga ta ragu, wani lokaci ƙasan fangali ya tsage. Ka cika fangalin ka kafa sanda mai alama, ka rufe mashiga da mafita, ka dawo gobe. In ruwan ya sauka fiye da abin da aka saba gani a maƙwabtansa, yana yoyo, kuma kifi ba zai kai kaka a ciki ba.

Sai mafakar kifi. A tsakiya ko a gefen da ya fi zurfi a haƙa rami mai zurfin santimita 80 zuwa mita ɗaya, a tokare bangonsa da gora ko dutse, a yi masa rumfa da rassa. Nan kifi yake gudu idan rana ta ƙwalle, ko ruwa ya ragu, ko zalɓe ya sauka. Daga ramin a ja kwata mai faɗi da zurfin santimita 40 ko 50 ta ratsa fangalin, siffar gicciye in ƙarami ne, a ƙara layi in babba ne. Kwatar ta ɗan gangara zuwa ramin. In aka yi ta a miƙe ba gangare, ranar kamu kifi zai maƙale a laka. Rami da kwata gaba ɗaya kada su ci fiye da kashi 10 cikin 100 na gonar.

Mashiga da mafita su kasance a kusurwoyi masu kallon juna, domin ruwa ya zaga ko'ina. Kowace a sa mata shingen gora ko raga, a lanƙwasa shi ya zama baka, bayansa yana fuskantar inda ruwa yake tahowa, don ganye ya zame gefe maimakon ya toshe. Shingen ya ɗara kunya tsayi, ƙasansa kuma ya nutse cikin laka, domin karf yana tsalle kuma yana bi ta ƙasa. Masu son kashe cuta da ƙananan halittun da ke cin 'ya'yan kifi suna watsa ƙonanniyar farar ƙasa kilo 25 zuwa 50, su jira kwana 7 zuwa 10 kafin zubi.

Shinkafa tukuna, sannan kifi, sannan agwagwa

Irin da Dong suke so shi ne shinkafarsu mai danƙo da ƙamshi. Doguwa ce, takan wuce mita ɗaya, tana jure ruwa mai zurfi da sanyin kwari, kuma tana daɗewa kafin ta nuna. Ba ta kai irin zamani yawan buhu ba, wannan gaskiya ne. Amma gajeren irin zamani yana son a riƙa busar masa da gona a tsakiyar damina, kifi kuwa ba ya shiri da haka. Wanda ya nace sai irin zamani, ya zurfafa raminsa.

Ana yafa iri a wurin reno wajen 20 ga Afrilu, a yi dashe bayan wata ɗaya ko fiye, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni gwargwadon tsayin wuri. A bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin gindi da gindi, kifi da agwagwa su sami hanya. Makon farko ruwa kaɗan, santimita 3 zuwa 5, har dashen ya kama ya sake yin kore.

'Ya'yan kifi, manoma da yawa da kansu suke ƙyanƙyashe su. Idan ruwa ya ɗumama ya kai digiri 18 a bazara, sai a haɗa manyan mata da maza a kududdufi a zuba musu ciyawar ruwa ko rassa. Ƙwan karf yana da danƙo, yana manne wa abin da aka zuba. Da safe a ɗauke rassan da ƙwan a kai wani ruwa marar zurfi, in ba haka ba iyayen su cinye. Cikin kwana 3 zuwa 5 ya ƙyanƙyashe in ruwan yana wajen digiri 20.

Zubi kuwa ya danganta da girma. 'Yan mitsi-mitsi ana iya zuba su lokacin dashe, ba sa iya tumɓuke komai. Masu tsawon santimita 5 zuwa 10 sai an jira kwana 7 zuwa 10 bayan dashe, don tonon da suke yi yana ɗago shinkafar da ba ta yi saiwa ba, a wayi gari a ga dashe yana yawo a kan ruwa. Ɗari biyu zuwa ɗari uku sun isa mu ɗaya inda ba a ba da abinci sosai. Kwaɗayin zuba dubu ba ya ƙara kilo, ƙanana kawai za a kwasa. A zuba da sanyin safiya. In a leda aka kawo su, a bar ledar a kan ruwan fangali minti 15 zuwa 20, sannan a riƙa shigar da ruwan gonar a hankali. Bambancin zafin da ya wuce digiri 2 ko 3 yana iya kashe su, kuma ba nan take ba, sai bayan kwana biyu manomi ya rasa dalili. Wankan gishiri, giram 20 zuwa 30 a lita ɗaya na minti 5 zuwa 10, yana rage ƙwayoyin cutar fata.

Agwagwa ce ta ƙarshe, kuma a nan gaggawa ta fi ɓarna. Ba a sakin ta sai kifi ya girma ya fi ƙarfin bakinta, wato ya kai santimita 8 zuwa 10, shinkafa kuma ta tsaya da gindinta. 'Ya'yan agwagwa masu kwana 15 zuwa 20, na ƙaramin iri na gargajiya, guda 10 zuwa 15 a mu. Manyan agwagin nama na gidan gona ba su dace ba, nauyinsu yana karya shinkafa kuma ba su da zafin nema. Da safe a ɗauko su a kwandon gora, a sake su da yunwa kaɗan, da yamma a kira su da ɗan dusa ko tsakin shinkafa a wuri ɗaya kullum har su saba. Wanda ya ƙosar da su da safe, sai su hau kunya su kwanta.

Aikin da suke yi a bayyane yake ga wanda ya tsaya a bakin fangali. Agwagwa tana bin layi tana tsince ƙwarin da ke tsotsar gindin shinkafa, tana cin dodon koɗi da ciyawa mai taushi, ƙafarta tana damun ruwa. Karf yana bugun kara ƙwari su faɗo, yana tona laka iska ta shiga. Ruwan da ya yi duhu da laka yana hana rana kai wa ƙwayar ciyawa. Kashinsu duka taki ne. Fangalin da ruwansa ya yi garai a watan Yuli, ana ganin ƙasa, alama ce kifin ya gudu ko ya mutu.

Yayin da shinkafa take tsawo a riƙa ƙara ruwa, santimita 10 zuwa 15, daga baya 20 ko fiye ga dogon iri. Da zarar ta yi ciki ta fara fidda kai, a kwashe agwagi. Kwana biyu na sakaci ya isa su koyi cin zangarniya.

Abin da yake lalacewa

Babbar asara ambaliya ce. Daga Mayu zuwa Yuli ruwan sama yana sauka da ƙarfi a waɗannan tsaunuka, ganye ya toshe shingen mafita, ruwa ya haura kunya, kifi ya bi shi zuwa gonar maƙwabci. A yanke wata ƙofa ta biyu a saman kunya, mai nata shingen, don rarar ruwa. A garin ma'adinai kuma a toshe mashiga da zarar hadari ya haɗu, a bar ruwan farko ya wuce ta gefe, domin shi ne yake wanko ƙurar hanya da tsibin tarkace. Wannan yana nufin dole akwai wanda yake kusa. Gidan da mazansa suke mahaƙa ko suka tafi ci-rani biranen Guangdong ya yi lissafin hannun da ya rage. Kifi yana haƙuri da duba sau ɗaya a rana, agwagwa kuwa safe da yamma ce. In hannu bai isa ba a bar agwagwa a tsaya ga kifi.

In da asuba ka tarar da kifi a saman ruwa yana buɗe baki, iska ce ta ƙare masa. Yawanci ɗanyen taki ne aka zuba da yawa, ko dare ya yi zafi ba motsin iska. A buɗe sabon ruwa nan take, a daina taki. Takin dabbobi ya ruɓe tukuna, kuma a zuba mafi yawansa kafin dashe. In za a ƙara yuriya, kaɗan-kaɗan, rabin fangali yau rabi jibi, ba a cikin kwata ba. In kuwa kifi ya mutu gaba ɗaya da rana tsaka bayan ruwan sama, manya da ƙanana, ba iska ba ce. A ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta kafin ya canja, kuma kada a ci kifin, kada a ba agwagi.

Maganin feshi yana kashe kifi ko da daga gonar sama ya gangaro, musamman dangin firetiroyid. Akwai kuma wata guba ta gida: tunkuzar 'ya'yan itacen man shayi, da ake matsewa a yankin. Taki ce mai kyau kuma tana kashe dodon koɗi, amma tana kashe kifi ƙurmus, sai bayan mako biyu ƙarfinta yake tafiya. Tunda ruwan kowa ta gonar wani yake bi, wannan ba shawarar mutum ɗaya ba ce. Ƙauyukan Dong suna da tsohuwar dokar gari da dattawa suke zartarwa a hasumiyar ganga, wato dandalin taron gari, wadda ta shafi satar kifi da rabon ruwa da sare dajin da ke saman gonaki. Maganar feshi da ta ruwan mahaƙa can ya kamata a kai su kafin dashe, ba bayan kifi ya juya ciki sama ba.

Kamu, girbi da ajiya

Idan ƙwaya ta yi tauri, wajen Satumba zuwa Oktoba, a fara rage ruwa da yamma, a hankali, dare guda ko biyu. Kifi yana bin ruwa zuwa kwata, daga kwata zuwa rami. In aka buɗe mafita gaba ɗaya sai ya warwatsu a laka. Da sassafe a kwashe da kwando. Inda ba a ba da abinci ba, kilo 10 zuwa 30 a mu ba abin raini ba ne. A ware ƙanana da manyan da za su yi ƙwai baɗi, a kai su kududdufin gari ko fangalin da za a bari da ruwa duk hunturu. Sauran a sa su a ruwa mai gudu kwana ɗaya ko biyu warin laka ya fita.

Shinkafar mai danƙo ba lauje ake sa mata ba. Da 'yar wuƙa da ake riƙewa tsakanin yatsu ake yanke zangarniya ɗaya-ɗaya da ɗan kara, a ɗaure dami, a rataye a dogayen katakon shanya a bakin gari har ta bushe. Rumbun katako sau da yawa a kan kududdufi ake kafa shi, saboda gobara da ɓera.

Kifin da ya fi ƙarfin ci ana tsima shi. A tsaga shi ta baya, a fitar da kayan ciki, a shafe shi da gishiri sosai a bar shi kwana biyu ko uku ruwa ya tsane. A turara shinkafa mai danƙo, ta huce, a cuɗa ta da garin barkono da citta da yajin Sichuan. Wasu suna ƙara giyar shinkafa, amma tsamin daga shinkafar yake fitowa, ana yi ba tare da ita ba. A cusa haɗin a cikin kifin, a jera a gangar katako, shimfiɗar haɗi, shimfiɗar kifi, har ta kusa cika. A rufe da ganye, a ɗora faifan katako, a danne da manyan duwatsu har ruwan gishiri ya taso ya rufe faifan. Wannan ruwan shi ne murfin gaskiya. In ya ja ƙasa iska ta taɓa kifi, saman zai yi funfuna ya yi wari, don haka a ƙara dutse ko a ƙara dafaffen ruwan gishiri da ya huce. Bayan wata biyu zuwa uku ya yi, kuma gangar da aka danne da kyau takan shekara da shekaru. Duk lokacin da aka ɗiba, a mayar da ganye da faifai da duwatsu yadda suke.